Faɗuwar Gaba Asarar Namiji: Zuciyar Mayaƙi a Tarihin Borno

Masu iya magana kan ce faɗuwar gaba asarar namiji. In muka waiwayi tarihin Borno, za mu tarar cewa abin da mayaƙi ya yi imani da shi, shi ke riƙe masa hankali a fagen fama. Barden da ya rataya layu, ya sha rubutu, natsuwa yake nema tare da tsari, domin da natsuwar yake samun runtsawa a daren yaƙi.

A 1893 Rabe ya ci Kukawa, Shehu Hashimi ya yi gudun hijira. Dakarun Rabe suna da bindigogi da horo, ga kuma nasarori a jere da suka sa suka sakankance da ubangidansu. Sai dai duk ƙarfin zuciyarsu a kan mutum ɗaya ya rataya. Da Faransawa suka kashe shi a Kusuri ranar 22 ga Afrilu, 1900, rundunar ta tarwatse, ɗansa Fadlallah ya ja ragowar har aka kashe shi a Gujba a 1901.

Irin wannan karyewar zuciya ta bayyana a Maiduguri ranar 14 ga Mayu, 2014. Da aka kawo gawawwakin sojojin da aka yi wa kwanton ɓauna a hanyarsu ta dawowa daga Chibok, 'yan'uwansu na barikin Maimalari suka buɗe wa motar kwamandansu, Manjo Janar Ahmadu Mohammed, wuta. Kotun soja ta yanke wa 12 hukuncin kisa, aka sassauta shi zuwa ɗaurin shekara 10 a 2015. Shari'a ta kira abin bore. Mu kuwa muna ganin har da raunin zuci, domin sojan da ya daina amincewa da shugabansa da makaminsa, shi firgici da rashin barci da saurin fushi suka fi samun galaba a kansa.

Duniya ta daɗe kafin ta gane haka. Ingila ta harbe sojojinta 306 a Yaƙin Duniya na Ɗaya bisa laifuffuka irin su ragwanci da gudu daga fage, ba ta yafe musu ba sai a 2006. Likitocin Amurka ma sai a 1980 suka sanya ciwon firgicin bayan tashin hankali cikin jerin cututtukan ƙwaƙwalwa.

Saboda haka, wajibi ne hukuma ta tanadar wa soja albashi a kan kari, da hutu, da limami ko fasto, da likitan ƙwaƙwalwa, kamar yadda take tanadar masa harsashi. Wanda ya kwana a rami don mu kwana a gida, ya cancanci a tambaye shi yadda ya kwana.