Hazo da Launin Sefiya a Tarihin Hotunan Borno

Hazo, wato ƙurar da iskar hunturu ke kwasowa daga Sahara tsakanin watan Nuwamba da na Maris, ya riga kyamara zuwa ƙasar Borno da dubban shekaru, kuma tun da aka fara ɗaukar hoto a yankin shi ne yake yanke hukunci a kan abin da zai fito a takarda. Mafi yawan wannan ƙura tana tasowa ne daga kwarin Bodele da ke arewa maso gabashin Tafkin Chadi, inda busasshen gindin tsohon tafki ya bar farin gari mai laushi, wanda iskar da ke ratsowa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi take ɗagawa ta watsa shi a kan Maiduguri da kewayenta.

Turawan da suka iso Kukawa a ƙarni na 19, irin su Denham da Clapperton a 1823, da Barth a 1851, da Nachtigal a 1870, da alƙalami da zane suka adana abin da suka gani, kuma mai zane yana da ikon share hazo daga takardarsa ya fito da ganuwa da itatuwa sarai. Kyamara ba ta da wannan iko, kuma ta yawaita a Borno ne bayan mutuwar Rabe a 1900 da shigowar Turawan mulkin mallaka, a daidai lokacin da Shehu Abubakar Garbai ya koma Yerwa, wato Maiduguri, a 1907. Ayarin Boyd Alexander, wanda ya auna Tafkin Chadi a tafiyarsa ta 1904 zuwa 1907, da kuma Olive MacLeod, wadda ta zo ziyarar kabarin Alexander a Maifoni ta kuma wallafa littafin tafiyarta a 1912, suna cikin waɗanda suka bar hotunan yankin na wancan zamani.

Matsalar da hazo ya kawo wa masu hoto ta samo asali daga yanayin haske. Farantan gilashi da fina-finan farko sun fi jin shuɗin haske a kan ja, don haka sararin sama yakan fito fari fat, abin da ke nesa kuma ya dushe. A Turai ana rage wannan da rawayan gilashi da ake ɗorawa a bakin kyamara don tace shuɗin haske, amma ƙwayoyin ƙurar hunturu manya ne, suna watsa dukkan launukan haske kusan daidai, saboda haka gilashin ba ya yin tasiri sosai a kansu. Sakamakon haka shi ne hoto mai hawa-hawa, inda raƙumi ko itacen da ke kusa yake fitowa baƙi, na bayansa ya yi toka-toka, na can nesa kuma ya narke cikin sama, abin da yake ba shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta Borno zurfin da rana tsaka a lokacin bazara ba ta ba ta.

Launin ruwan ƙasa da ake gani a tsofaffin hotuna kuwa a ɗakin wanke hoto aka haife shi. Sefiya asalinsa sunan wata halittar teku ce mai fesa tawada ruwan ƙasa, wadda masu zane suka daɗe suna amfani da ita, sai sunan ya koma kan launin. Hoton baƙi da fari ƙananan ƙwayoyin azurfa ne a kan takarda, kuma azurfa tana lalacewa idan zafi da laima da gurɓatacciyar iska suka taɓa ta. A rinin sefiya, mai wanki yakan jiƙa hoton a wani sinadari har surar ta kusa ɓacewa, sannan ya tsoma shi a ruwan da ke ɗauke da farar wuta, wadda take haɗuwa da azurfar ta mayar da ita wani abu mai launin ƙasa da ya fi jure shekaru. Ke nan rinin magani ne na tsufa kafin ya zama ado, ko da yake wasu hotunan da ba a rina ba su ma sukan yi rawaya don lalacewa, kuma mai nazari yakan bambanta su ta hanyar duba ko inuwarsu ta riƙe ƙarfinta ko ta kode.

Haɗuwar waɗannan abubuwa biyu, hazon da ke iska da farar wutar da ke takarda, ita ta sa ido ya saba ɗaukar Borno ta dā a matsayin ƙasa mai launin ƙura, alhali kuwa babbar riga da rawani da kayan dawakin fadar Shehu cike suke da ja da shuɗi da kore. A yau wayar hannu tana kwaikwayon sefiya da taɓawa ɗaya, ba tare da azurfa ko ƙarin daɗewa ba, yayin da masu hoto 'yan garin, irin su Fati Abubakar da ta fara aikinta na Bits of Borno a 2015, suka zaɓi cikakken launi don nuna rayuwar yau da kullum a Maiduguri. Hazon kansa bai canza ba, domin duk watan Janairu yakan lulluɓe Dandal da bishiyoyin dogon yaro da gaɓar kogin Ngadda, ya mayar da rana farin faifai da ido zai iya kallo.