Mai Gida da Rariyar Labari a Adjamé da Treichville

Tun zamanin da fatake ke barin Kano da jakuna su nufi Gwanja neman goro, ba hajja kaɗai ayari ke ɗauke da ita ba, har da labari: inda hanya ta lalace, sarkin da ya tsananta fito, da kasuwar da kanwa ta yi daraja. Amma labarin nan ba ya shiga kunnen baƙo kai tsaye, sai ya bi ta zauren mai gida, wato mutumin da ke saukar da fatake, ya adana kayansu, ya haɗa su da dillali, ya kuma tsaya musu lamuni. Domin kuwa shi ne ya san wanda maganarsa ke da nauyi da wanda bakinsa ya fi ƙafarsa sauri.

Da Faransawa suka mayar da Abidjan hedikwatar Kodebuwa a 1934, sa'an nan aka buɗe mashigin Vridi a 1950 har jiragen teku suka samu shiga, sai al'adar nan ta gangaro kudu tare da mutanen Maraɗi da Tawa da Katsina. Turawa suka zauna a Plateau, talakawa kuwa suka cika Treichville a hayin ruwa, da Adjamé ta arewa, inda tashar motoci take, kuma inda goron Anyama ke bi kafin ya kama hanya. Abin mamaki, jirgin ƙasan da aka yi wa suna Abidjan-Nijar bai taɓa taka Nijar ba, a Wagadugu ya tsaya a 1954. Saboda haka direban babbar mota ne ya zama ma'aikacin gidan waya, yana ɗauke da wasiƙun ajami, daga baya kuma kaset ɗin da mutum ya ɗauki muryarsa yana gai da iyaye, yana lissafa wa kowa rabonsa daga kuɗin da ya aika.

A wancan zamani labari kaɗan ne, kuma kowanne yana da isnadi, tamkar yadda malaman hadisi ba su karɓar riwaya sai sun binciki mai riwayar. Bayan sallar isha'i, sai a kewaye rediyo a ji BBC, wadda ta fara Hausa a 1957, ko Rediyon Kaduna, in an gama, dattijo ya tambaya, "To, wa ya zo daga gida yau?" Sai an gwama maganar akwatin rediyo da ta matafiyi kafin a yanke farashi.

Yau kuwa, je ka kasuwar waya ta Adjamé da ake kira Black Market, ka dubi ɗan kasuwa da asuba: saƙonnin murya sun taru masa a WhatsApp, na 'yan garinsu, na masu canji, na ta'aziyya, na wa'azin da ba a san malaminsa ba, a can tsakiyarsu kuma ga saƙon abokin ciniki guda da ya nutse. Na ga wani mai goro yana danna su ɗaya bayan ɗaya da babban yatsa mai ja, waya a kunne, shayinsa na hucewa, yana cewa, "Alhaji, dukansu gaisuwa ce."

Illar rashin rariyar tace labari ta bayyana ƙarara a watan Mayu na 2021, sa'ad da aka yaɗa wani tsohon bidiyo aka ce wai 'yan Nijar ne ke azabtar da 'yan Kodebuwa, alhali ba haka ba ne. Kafin hukuma ta ƙaryata, an far wa 'yan Nijar a unguwanni da dama na Abidjan, an ji wa mutane rauni, an wawashe rumfuna, har masu sayar da garba, abincin rogo da kifi da kowa ke ci, suka ɓuya. Kotu ta ɗaure matar da ta yaɗa zancen shekara biyar.

A ganina, dabarun da 'yan kasuwa suka koma wa tsofaffi ne cikin sabuwar riga. Wani ya riƙe waya biyu, ta ciniki da ta zumunci, ba ya buɗe ta biyun sai bayan la'asar. Wani ya toshe ƙarar kowane zauren WhatsApp in ban da biyu. Da yawa ba su tura kuɗi ta Orange Money ko Wave sai sun kira sun ji muryar mutum. A wasu zaurukan fataken kuma, an kulle ƙofa, ba mai aika saƙo sai shugaba, wanda sau da yawa za ka tarar ɗan tsohon mai gida ne ko jikansa, yana zaune a ƙofar sito, yana kiran direba a Bouaké ya tabbatar ko da gaske an tare hanya.