Farin Dango da Hanyar Abidjan

Wata rana ina gabatar da shiri kan ci-rani, wani dattijo mai sayar da garba a Treichville ya bugo waya. Na ce, "Baba, me ya raba ka da gida?" Ya ce, "Ɗana, fara ce ta koro ni, shekarar 2004, daga ƙasar Maraɗi." Tun daga ranar nake bin tarihin wannan ƙwaro, don na san a Adjamé ma akwai irinsa da yawa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, fara ba da halin taro ake ƙyanƙyashe ta ba. A hamada ita kaɗai take zamanta, tana gudun 'yan'uwanta. Sai an yi ruwa mai yawa, ciyawa ta fito, fari suka hayayyafa, sannan ciyawar ta fara bushewa, dole su cunkushe a ɗan koren da ya rage. Gogayyar ƙafafun baya da suke yi da juna ita ke tayar da sinadarin serotonin a jikinsu. Cikin 'yan sa'o'i hali ya sauya, su koma son taro, daga baya launi ma ya sauya. Har zuwa 1921 masana na ɗaukar mai kaɗaici da mai taro iri biyu ne, sai Boris Uvarov ya nuna abu ɗaya ne.

Idan suka tashi kuma, ba su ke zaɓen hanya ba. Iska suke bi, ita kuwa iska can take haɗuwa inda hadari ke tasowa, wato daidai inda manomi ya yi shuka. Sukan ci kilomita 150 a yini. A Oktoban 1988 har tekun Atlantika suka tsallaka zuwa tsibiran Karebiyan.

Ta 2004 haka ta faru. Damina ta yi kyau a 2003 a Muritaniya da arewacin Mali da Nijar, fari suka taru, suka haura Maroko da Aljeriya suka sake ƙyanƙyasa, sannan suka juyo mana a tsakiyar 2004, gero na gona. Kakanninmu sun ga irin wannan da wata fara dabam, wadda ta taso daga fadamun kogin Kwara a Mali a 1928, ta taimaka wajen jawo yunwar 1931 a yammacin Nijar.

Sai dai ni ban yarda a ɗora wa fara laifin yunwar 2005 duka ba. Ruwa ya ɗauke da wuri, hatsi ya yi tsada a kasuwa. Na faɗa wa Baba haka a waya. Ya ce shi dai abin da ya gani da idonsa, da hantsi gonarsa na tsaye, kafin la'asar sai kara.