Randar Hajiya da Ɗaurin da Ke Cikin Ruwa

A shekarar 2015, lokacin da ɗauke wutar nan da ake kira dumsor ya addabi Accra, ina sabon shiga aikin rediyo, wata tsohuwa daga Maamobi ta bugo waya a shirinmu na dare. Kowa na kukan firij ya mutu, kifi ya ruɓe, ita kuwa dariya take yi. Ta ce, "Ɗana, ni randata ba ta san an ɗauke wuta ba. Kai da ka yi boko, me ke sanyaya ruwan cikinta?" Na ce, "Hajiya, ai ƙasa ce, ita ƙasa sanyi gare ta." Ta ce, "To don me randar da aka shafa wa fenti ba ta sanyaya ruwa?" Na saka talla na tsira da mutuncina.

Da na koma ga littattafai sai hankalina ya ɗan kwanta, domin amsar ta ɗauki masana kusan shekara 140, alhali iyayenmu sun daɗe suna shan ruwan randa tun kafin a kafa Nima a farkon shekarun 1930.

Masanan da, na Girka da na ƙasashen Musulmi, sun ɗauki ruwa a matsayin ɗaya daga cikin asulla huɗu, tare da ƙasa da iska da wuta, wato abu ne guda da ba ya rabuwa. A 1781 Henry Cavendish na Ingila ya ƙona wata iska mai kamawa da wuta a cikin tulun gilashi, sai ya ga raɓa a jikin gilashin. A 1783 Antoine Lavoisier ya maimaita gwajin a Faris, ya fito fili ya ce ruwa haɗi ne na iska biyu, oksijin da haidurojin. Sunan na biyun ma ma'anarsa mai haifar da ruwa. Ilimin bai hana masu juyin juya halin Faransa sare masa kai a 1794 ba. Daga baya aka tabbatar cewa kowace ƙwayar ruwa zarra uku ce, oksijin ɗaya, haidurojin biyu.

Sanin wannan bai warware komai ba, kuma duk wanda ya taɓa tsallake babbar kwatar Nima da rani ya shaƙi dalilin. Warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke tasowa daga ciki na wata iska ce, ƙanwar ruwa a tsari: haidurojin biyu, amma da farar wuta a gurbin oksijin. Ƙwayarta ta kusa ninka ta ruwa nauyi, duk da haka tana tafasa tun a digiri 60 ƙasa da sifili. Bisa wannan lissafi kamata ya yi ruwa, da ya fi ta rashin nauyi, ya zama iska shi ma. Sai ga shi a kwance cikin tukunya har digiri 100. Lallai akwai abin da ke riƙe shi.

Sai a 1920 Wendell Latimer da Worth Rodebush, a Berkeley ta Amurka, suka bayyana abin, Linus Pauling kuma ya yaɗa shi a littafinsa na 1939. Ƙwayar ruwa a tanƙware take, kusurwarta digiri 104.5. Oksijin mai son kai ne, yana janye yawancin lantarkin da suka yi tarayya a kai zuwa gefensa, ya bar haidurojin da ƙishi. Sai haidurojin na wannan ƙwaya ya miƙa hannu ya kama oksijin na maƙwabciyarta. Kowace ƙwaya tana iya riƙe huɗu a lokaci guda. Wannan shi ake kira ɗaurin haidurojin. Ba shi da ƙarfi sosai, yana kwancewa ya sake ɗauruwa cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba, amma yawansa ya sa ruwa ya zama kamar gidan haya a Zango: kowa na shiga yana fita, amma mai son tashi gaba ɗaya sai ya biya bashin kowa.

Nan amsar Hajiya take. Jikin randa yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ruwa yana tsattsafowa ta ciki ya jiƙa bayanta. Kafin ƙwaya ta tashi ta bi iska sai ta tsinka duk ɗaurin da ke riƙe da ita, kuma da zafi take biya. Zafin da giram ɗaya na ruwa ke bukata ya zama tururi ya haura ninki biyar na wanda zai ɗauke shi daga sanyin ƙanƙara zuwa tafasa. Daga jikin randa da ruwan ciki ake cire shi. Fenti kuwa toshe ƙofofin yake yi. Tsohuwar ta riga ta yi gwajin, bayanin kawai ta nema a wurina, ni kuma na ba ta shirme.

Wani malami a Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya ɗauki wannan hikima ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, don manoma su adana tumatir da ganye ba wuta. Ya samu kyautar Rolex a 2000. Dabarar ta fi aiki a can fiye da nan, domin busasshiyar iskar arewa tana kwasar tururi da sauri, ta Accra kuwa ta riga ta ƙoshi da danshin teku. Shi ya sa ruwan randa a Nima ya fi sanyi da hunturu.

Bayan mako biyu na karanta amsar a shirin, na kira sunan unguwarta sau uku. Ba ta bugo ba. Wani saurayi ne ya bugo daga Newtown, yana tambayar abin da ya sa kwalbar sobolo ke fashewa a firiza. Wannan karon na shirya: ruwa in ya daskare, ɗaurin nan huɗu yana tsayawa cak ya ware ƙwayoyin, ƙanƙara ta kumbura da kusan kashi 9 cikin ɗari. Na ce ya daina cika kwalbar har baki.