pre-commit

pre-commit, suna, namiji, a fannin rubuta manhaja. Ɗan ƙaramin shiri da Git, manhajar adana tarihin canje-canje da Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, ke tayarwa da kanta kafin ta karɓi sabon aiki. Mazauninsa .git/hooks. Yakan sa Black ya daidaita rubutun Python, Prettier na JavaScript, ESLint kuma ya zaƙulo kurakurai. In shirin ya dawo da lambar da ba sifili ba, ajiyar aikin ta tsaya cak. Ana tsallake shi da --no-verify, amma kada hakan ya zama ɗabi'a, domin abokin aiki ne zai kwashe dattin. Misali: Pre-commit ya hana ni ajiya saboda tazarar banza a ƙarshen layi.