Clive Sullivan: Baƙon da Birnin Hull Ya Mayar Ɗan Gida

Masu iya magana sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Za mu auna wannan karin magana da tarihin Clive Sullivan, gwarzon wasan zari-ruga a Birtaniya, wanda aka haifa a wani gari, ya yi suna a wani.

Kafin mu shiga labarinsa, ya kyautu mu san cewa zari-ruga iri biyu ne. A shekarar 1895 ƙungiyoyi 22 na arewacin Ingila suka taru a garin Huddersfield suka ɓalle daga uwar ƙungiya, domin 'yan wasansu leburori ne na ma'aikatun saƙa da ramukan kwal, kuma an hana a biya su ladan yinin da suka bar aiki saboda wasa. Daga wannan ɓaraka aka sami Rugby League, wanda ake yi da mutum 13 a kowane ɓangare. Ci mafi daraja a cikinsa shi ne ɗan wasa ya keta abokan hamayya da ƙwallo a hannu, ya dire ta a bayan layinsu.

An haifi Sullivan ranar 9 ga Afrilu, 1943, a unguwar Splott ta birnin Cardiff a yankin Wales. Tun yana yaro aka yi ta yi masa tiyata a gwiwoyi da ƙafafu da kafaɗu, har likitoci suka yi shakkar zai yi tafiya daidai kamar kowa. To, amma zakaran da Allah Ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. Da ya tasa sai ya shiga soja, aka tura shi barikin Catterick a lardin Yorkshire, inda aka gano irin gudun da ke ƙafarsa. Ƙungiyar Bradford Northern ta gwada shi ba ta ɗauke shi ba. A 1961 Hull FC ta ba shi dama, ya ci sau 3 a wasan gwaji, nan take ta riƙe shi.

Shi birnin Hull kogi ne ya raba shi biyu, kuma kowane ɓangare da ƙungiyarsa: Hull FC mai riga baƙi da fari a yamma, Hull Kingston Rovers mai ja da fari a gabas. Hamayyar da ke tsakaninsu gado ce, uba yakan bar wa ɗansa. Sullivan ya yi wa Hull FC wasa 352, ya ci sau 250, a ciki har da ci 7 da ya yi wa Doncaster a wasa guda a 1968. A 1974 ya ƙetare kogi ya koma Rovers, inda ya ci sau 118 a wasa 213. Yana cikin 'yan Rovers da suka doke tsohuwar ƙungiyarsa da 10 da 5 a filin Wembley a 1980, suka ɗauki kofin Challenge Cup. Bayan shekara biyu, yana ɗan shekara 39, ya sake ɗaukar wannan kofi, amma sanye da rigar Hull FC, lokacin da suka ka da Widnes. Ashe kowane ɓangare na garin ya ɗanɗani daɗinsa, ya kuma ɗanɗani zafinsa.

Babbar ranarsa ita ce 11 ga Nuwamba, 1972, a birnin Lyon na Faransa. A wannan shekara aka naɗa shi kyaftin ɗin Birtaniya, ya zama baƙar fata na farko da ya jagoranci wata ƙungiyar wasa ta ƙasar. A wasan ƙarshe na Kofin Duniya ya ɗauki ƙwallo tun daga yankin gidansu, ya sheƙa da ita kusan tsawon fili, 'yan Ostareliya na bin sa ba su cim masa ba. An tashi 10 da 10 har bayan ƙarin lokaci, aka ba Birtaniya kofin saboda ita ce ta fi maki a zagayen farko. Har zuwa gasar da aka yi a 2022, babu ƙungiyar maza daga Birtaniya da ta sake ɗaga shi.

Ciwon daji ya yi ajalin Sullivan ranar 8 ga Oktoba, 1985, yana da shekara 42. Gabas da yamma suka ajiye hamayya suka yi makoki tare. Hull ta sa wa babbar hanyar da ke shiga garin daga wajen gadar Humber suna Clive Sullivan Way, ƙungiyoyin biyu kuma suka sanya kofin tunawa da shi wanda suke karawa a kansa.

Ina Cardiff a duk wannan? A zamanin Sullivan ɗaya nau'in zari-rugan ne ke mulki a Wales, kuma duk wanda ya tafi arewa ya karɓi albashi, an rufe masa ƙofar wasa a gida ke nan. Sai a watan Yuli na 2023, shekara 38 bayan mutuwarsa, aka ƙaddamar da mutum-mutuminsa a bakin tashar ruwan Cardiff, tare da na Billy Boston da Gus Risman, su ma 'yan garin da suka yi suna a arewa.

Saboda haka, mu a ganinmu, karin maganar da muka fara da shi bai cika a kan Sullivan ba, domin daga ƙarshe gida ya waiwayo shi. Sai dai waiwayen ya zo a makare. Mutanen Hull sun yi masa tafi yana ji da kunnensa, mutanen Cardiff kuwa sai da iyalinsa suka yi godiya a madadinsa.