Rory Gallagher da faifan Irish Tour '74: kiɗa a lokacin tarzoma

Gabatarwa

Masu nazarin adabin baka sun daɗe da sanin cewa waƙar da aka yi a gaban jama'a ta sha bamban da wadda aka naɗa a ɗaki, domin mai sauraro yana da hannu a cikin abin da mawaƙi ke yi. Tarihin makaɗin jita ɗan ƙasar Ayalan, Rory Gallagher, misali ne mai kyau na wannan batu.

Daga Taste zuwa cin gashin kai

An haifi Gallagher ranar 2 ga Maris, 1948, a garin Ballyshannon, ya tashi a birnin Cork. A 1966 ya kafa ƙungiyar Taste, wadda ta yi suna da kiɗan rok mai tushe a bulus, wato kiɗan da baƙaƙen fatar kudancin Amurka suka ƙirƙira. Ƙungiyar ta yi wasa a bikin bankwana na ƙungiyar Cream a Landan a 1968, sannan ta halarci babban bikin kiɗa na tsibirin Wight a watan Agusta, 1970. Kafin ƙarshen wannan shekarar saɓani ya raba ta.

Gallagher bai nemi shiga wata babbar ƙungiya ba. Ya tara makaɗa a ƙarƙashin sunansa, cikinsu har da Gerry McAvoy ɗan Belfast, ya kama yawon wasa daga gari zuwa gari. A 1972 ya fitar da Live in Europe, faifan da aka naɗa a gaban 'yan kallo, ya kuma shiga jerin faifai goma mafi kasuwa a Birtaniya. A shekarar ce kuma aka fitar da faifan da Muddy Waters, jigon bulus na Chicago, ya naɗa a Landan, kuma Gallagher na cikin waɗanda suka kaɗa masa jita.

Belfast a cikin wuta

A wannan zamanin Ayalan ta Arewa na fama da rikici tsakanin masu son ci gaba da zama ƙarƙashin Birtaniya, galibinsu mabiya ɗarikar Furotesta, da masu son haɗewa da Jamhuriyar Ayalan, galibinsu 'yan Katolika. A 1972 kaɗai an kashe mutane kusan 500. Manyan makaɗan ƙetare da yawa sun daina zuwa Belfast. Tsoron nasu yana da dalili, domin a watan Yuli, 1975, 'yan bindiga sun tare makaɗan Miami Showband a hanya suka kashe uku daga cikinsu.

Gallagher kuwa ya ci gaba da zuwa. Tsakanin ƙarshen 1973 da farkon 1974 ya yi wasa a zauren Ulster Hall na Belfast, da Dublin, da Cork. Daga wannan rangadi aka samu Irish Tour '74, faifai biyu a jaka ɗaya, da fim mai wannan suna wanda Tony Palmer ya shirya. A ciki akwai waƙoƙinsa na kansa, akwai kuma na magabata irin su Muddy Waters da J. B. Hutto. Wanda ya saurara zai ji yadda ake tsawaita waƙa ko a sassauta ta gwargwadon amsawar jama'a, kuma a Belfast jama'ar nan matasa ne daga ɓangarorin biyu, a zaure ɗaya.

Kammalawa

Gallagher ya rasu a Landan ranar 14 ga Yuni, 1995, yana da shekara 47, bayan an yi masa dashen hanta. Abin da ɗalibi zai ɗauka a nan shi ne, faifan da aka naɗa a bainar jama'a hujja ce ta tarihi. Kafin a yi masa sharhi, sai a tambaya: a ina aka yi wasan, a wace shekara, su wa suka halarta, kuma me ke faruwa a garin a lokacin? Haka ya kamata a tunkari tsofaffin kaset-kaset na makaɗanmu da aka naɗa a fada ko a gidan biki.